Hannun da Ya Tsufar da Tagulla

A damina ta biyu bayan babbar yunwa, wani dare a Kalgo, na ji kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Siriri ne, dogo, kamar sauro ya faɗa cikin tulu. In ka ce jariri ne, ba ya tsayawa jan numfashi. In ka ce tsuntsu ne, ban san tsuntsun da ke kuka daga ƙasa ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da son irin waɗannan abubuwa. Na tashi na kasa kunne, sai na ji daga bayan dangarmu yake fitowa, daga gidan Atiku maƙerin tagulla.

Da safe na gaya wa matata Dije cewa aljani ya sauka gidan maƙwabta. Ta ce in bar aljanu su huta, Gwaggo Indo ce. In an jiƙa hannu ana murza bakin tasar tagulla, tasar ce ke yin wannan kuka. Na tambaye ta me ya haɗa ungozoma da tasar maƙera a tsakar dare. Dije ta ci gaba da tankaɗenta.

Indo yayar mahaifin Atiku ce. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, tana zaune a wani ɗan ɗaki kusa da madafa a gidan ɗan ƙanenta. Rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya, har da shi Atikun. Mata na cewa tafin hannunta ya fi auduga laushi, in ta ɗora shi a kan ciki tana gane yadda ɗa ya kwanta. Kullum sai ta shafa masa man shanu kafin ta kwanta, kuma ba mai barin ta ta yi surfe ko faskare.

A hankali na gane abin da ke faruwa. Kwanonin Turawa masu fenti sun shigo kasuwa, mutane suka rage sayen tagulla. Sai wani dillali mai suna Abdulgani ya zo daga Gwandu da labari mai ban mamaki. Wai Turawan bariki na Birnin Kebbi suna son tagulla, amma tsohuwa, wadda ta dafe ta yi kore a lunguna, wadda za a ce ta ga zamanin jihadi. Mu tun kakanni da tsamiya da toka muke goge tagulla don ta koma sabuwa, ga wasu mutane sun ƙetaro teku suna neman tsatsa. Tsofaffin kayan gidajen Gwandu ba su kai wata shida ba suka ƙare. Abdulgani ya ce wa Atiku, tunda tsofaffi sun ƙare, sai a yi wasu.

Ga yadda ake yi, don daga baya Dije ta gani da idonta. Atiku zai ƙera buta ko tasa ko munduwa tana walƙiya kamar rana. Sai a dirje ta da yashi, a tsoma ta cikin ruwan tsami da gishirin Foga. A bayan gidan akwai tsohuwar ruhewa, wato rumbun laka, da yunwa ta bari fanko. A cikinta aka ajiye randa biyu na fitsarin shanu da ake karɓowa daga ruga, ana barin sa ya daɗe har warinsa ya iya tsaga hanci. Sai a rataye kayan a saman randunan, a rufe bakin ruhewar da faifai. Tururin ne ke cin tagullar. Kowace safiya sai wani ya shiga ta sama, ya juya kayan ɗaya bayan ɗaya, ya yayyafa musu ruwan gishiri, ya fito. Bayan kwana goma sun yi baƙi da kore kamar an tono su daga kufai.

Saura kuma aiki mafi tsawo. Abin da ya tsufa da gaske ba ko'ina yake dafewa ba, inda hannu ke kamawa yana da santsi da haske. Atiku ya gwada tsumma, ya gwada fata, Abdulgani ya dawo da kayan ya ce Bature ya gane. Sai dai tafin hannun mutum, da ɗan toka da ruwa, ana murzawa da dare don kada maƙwabta su gani. Kuma sai hannun da ya san inda mace ke riƙe tasa, da inda tsoho ke riƙe buta. Aka duba gidan kaf, ido ya tsaya a kan hannun Indo.

Atiku yana da hujjojinsa, kuma ya jera su tsaf. Kafaɗunsa ba za su shiga bakin ruhewa ba. Hannunsa ya yi kanta da guduma, zai kakkarce kaya. Matarsa Jummai tana ɗauke da ciki na uku. Ɗauko bare tonon asiri ne. Gwaggo kuwa ba ta da jiki, kuma ai na ɗan lokaci ne. Har wurin wani malami ya je ya tambaya, aka ce masa fitsarin dabbar da ake ci ba najasa ba ne. Wannan gaskiya ne, ni ma na tarar da shi a ɗan karatun da na yi kafin in bari. Sai dai ba a tambayi malamin ko tururinsa na cin naman mutum ba.

Faratan Indo ne suka fara. Suka yi kore kamar gansakuka. Ta ƙunsa lalle a kai, koren ya ɓullo ta ƙarƙashin lallen. Sannan fatar tsakanin yatsu ta tsattsage, gishiri na shiga ciki kowace safiya. Kafin a girbe gero, wata mata a unguwar masunta ta yi naƙuda aka kira Indo. Tana ɗora hannu matar ta janye jiki, ta ce yana karce ta kamar ƙaya, warin kuma yana tayar mata da zuciya. Daga ranar aka koma aika wa wata sabuwar ungozoma, Hadiza, da ta taso daga Diggi ta zauna a bakin kasuwa. A gida ma Jummai ta ware wa Indo akushi. Ta ce ba ƙyama ba ce, ciki ne ba ya son wari.

Wata hantsi Dije ta shiga aron rariya, ta tarar da tsohuwar tana saukowa daga ruhewa. Ƙafarta na taɓa ƙasa ta durƙusa tana tari, idanunta jawur suna zubar da ruwa. Dije ta kama ta ta kai ta inuwa, ta ce mata ta buɗe baki ta ce ba ta iyawa.

Indo ta ce, "Ɗiyata, mai cin tuwon gida bai cewa bai iya aikin gida. Abu guda kaɗai nika roƙo. Ɗan Jummai ya kwanta a gicciye, na taɓa na ji tun watan jiya. Hadiza yarinya ce, ba ta san juya ɗa ba. In hannuna ya samu kwana arba'in bai taɓa tagulla ba, ya warke. Ni zan karɓi ɗan nan."

Ta roƙi Atiku kwana arba'in ɗin, ya kuma amsa. Ya ce daga kayan da ke rataye an gama. Kwana shida muka yi ba mu ji kukan tasa ba, har na fara kewar sa, Allah ya yafe mini. Dije ta ce ta ga Indo zaune a rana da hannuwa cikin ƙoƙon man shanu, tana kallon su kamar mai jiran tsiro ya fito.

Rana ta bakwai jakunan Abdulgani suka tsaya a ƙofar gidan. Ina zauren Atiku ina tufkar igiya, don sana'ata ke nan. Abdulgani mutum ne mai fara'a, ya rarraba goro, ya tambayi lafiyar tsohuwa mai albarka, wadda a cewarsa hannunta ke yin shekara ɗari a dare ɗaya. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Wani babban Bature zai koma ƙasarsu kafin sanyi ya shiga, yana son katuwar tasa irin ta wanke hannun sarakuna, da butarta, da tasoshi ƙanana. In Kalgo ba ta iyawa, akwai maƙera a Jega.

Na yi gyaran murya na ce wa Atiku tarin Gwaggo yana hana mu barci.

Ya ce, "Baba Sambo, tarin tsuhwa ne. Wa ka taɓa gani ya tsuhwa bai yi tari ba?"

Abdulgani ya yi dariya ya ce shi dillali ne, tagulla yake saye, bai san yadda take tsufa ba, kuma tarbiyyarsa ba ta ba shi ya tambayi abin da ke cikin gidan mutane ba. Ni ma sai na ce a raina rufe asirin maƙwabci wajibi ne. Da wannan na rufe bakina, na ci gaba da tufka.

Da la'asar na ji Atiku da Indo ta danga. Atiku ya sassauta murya kamar yaro mai roƙon fura. Ya ce wannan ce ta ƙarshe, abincin da ɗan zai ci ne za ta murza.

Ta ce, "Arba'in ka ce mini, Atiku. Yau bakwai."

"Allah ke karɓar haihuwa, Gwaggo, ba hannu ba."

"Haka ne. Ranar da aka haife ka ma Shi ya karɓa. Ni dai na warware cibiya daga wuyanka."

Na ɗauka ya ji kunya. Washegari da sassafe na ji ana ɗaga faifan bakin ruhewa.

Katuwar tasar kukanta daban ne. Mai kauri ne, kamar saniya na kiran ɗanta daga can cikin fadama. Wata ɗaya da rabi ina jin sa. Da rana kuma Dije na kawo mini labari ba tare da na tambaya ba. Yatsun Indo sun ƙage, ba sa dunƙulewa. Tsagun sun zama gyambo, bakin gyambon kore. Carbi na zamewa daga hannunta. Tuwo sai ta ɗauka da bayan yatsu. Idonta ya yi hazo, har ta kira ɗiyar Jummai ta fari da sunan ƙaramar. Wata rana garwashi ya faɗo mata a tafi, ba ta sani ba sai da Jummai ta ji ƙauri. Atiku ya sayo mata man kaɗanya, ya nuna wa duk wanda ya shigo zaure, ya ce a gani ko akwai mai kula da gwaggonsa kamar shi.

Naƙuda ta kama Jummai ranar wata Alhamis da hantsi. Uwarta ta riga ta zo daga Dangoma, ta kuma faɗa tun isowarta cewa koren hannu ba zai taɓa ɗiyarta ba. Aka kira Hadiza. Dije ma tana ciki. Mu maza muna zaure, Atiku na ta hura wutar da babu komai a kanta. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo jiki, ba mu ji kukan jariri ba. Hadiza ta fito tsakar gida ta ce hannu ne ya fara leƙowa, ita ba ta taɓa ganin haka ba. Uwar Jummai da kanta ta je ƙofar ɗan ɗakin nan na kusa da madafa ta durƙusa.

Dije ta ce Indo ta tashi nan take. Ta sa aka zuba mata ruwan zafi, ta wanke hannu da sabulun salo har sau bakwai, aka shafa mata man shanu, aka kama ta aka shigar da ita. Ta durƙusa gaban Jummai, ta yi bisimilla, ta miƙa hannu. Ta daɗe a haka, kanta a karkace kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Can ta juyo.

"Dije, hannuna na bisa cikin?"

"Yana kai, Gwaggo."

"To ban jin komi."

Ta janye shi ta ajiye a cinya. Da baki ta riƙa gaya wa Hadiza inda za ta danna da inda za ta tura, amma abin da hannu ya koya a shekara arba'in ba ya shiga kunne a yini ɗaya. Gab da magariba aka fitar da ɗan. Namiji ne, babba, ba rai. Jummai ta tsira da ƙyar.

Masu gaisuwa suka ce haka Allah ya so. Uwar Jummai ta ce warin gidan ne ya shiga cikin ya karkatar da ɗan, kuma da ma ta faɗa. Atiku bai ce haka ba, bai kuma ce ba haka ba. Kwana uku da binnewa jakin Abdulgani ya zo ya ɗauki katuwar tasa, aka naɗe ta da tsohuwar tabarma don ta yi kama da abin gado. Bayan mako guda Atiku ya ce zaman banza na ƙara wa tsoho baƙin ciki, gara Gwaggo ta samu abin da zai ɗauke mata hankali. Wani sabon Bature ya iso bariki, shi ma ya ji labarin kayan Gwandu. Indo ba ta ƙara roƙon hutu ba. Ba ta da abin da za ta roƙa dominsa.

Da rani na kai igiyoyi kasuwar Gwandu. Na daɗe ina mamakin wannan hanya da kayan ke bi: a ƙera su a Kalgo, ga Birnin Kebbi nan kusa, amma sai an kai su Gwandu sun kwana a wani tsohon soro sun sha ƙura, sannan a ce an gano su. Na biya ta zauren Abdulgani don in gaishe shi, sai na tarar da baƙi. Wani saurayin Bature ne da tafintansa, sun zo ganin gari. Yana riƙe da wata buta da na sani sarai, don a gabana Atiku ya ƙera ta bayan sallar layya. Abdulgani na ba da labarin wani jarumi da ya yi alwala da ita a bakin daga. Baturen ya sa babban yatsansa a wurin nan mai santsi na mariƙi, ya shafa, ya yi magana a hankali. Tafinta ya ce, wai yana tunanin hannaye nawa ne suka riƙe wannan wuri har ya yi haka.

Ni na san yawansu. Na buɗe baki, Abdulgani ya dube ni yana murmushi, sai na ji kaina ina tambayar ko akwai ruwan sha.

Da na dawo Kalgo hannun Indo na dama ya kumbura har kafaɗa. Aka kira wanzami ya tsaga, aka yi turare, Atiku ya ce sammu ne daga maƙeran Jega masu hassada. Ko a kwance ana kawo mata ƙananan munduwa ta murza da hagu, don wai kada hannun ya sandare. Ta rasu wata safiya kafin ruwan farko ya sauka. Jummai ce ta kai mata kunu ta tarar.

Dije da Hadiza suka shiga yi mata wanka. Mu maza muka cika zaure, liman ya zo, masu haƙa suka dawo suka ce kabari ya yi. Rana ta ɗaga, ba a ce an gama ba. Mutane suka fara duban juna. Atiku ya aika ciki a ce su hanzarta, jama'a na jira. Aka jima, ya sake aikawa.

Sai muka ga Dije a ƙofar ciki ta zauren, inda mace ba ta saba tsayawa ba in maza na zaune. Hannuwanta jiƙe har gwiwa, tana riƙe da soso da ya rine. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sun wanke da sabulu, sun wanke da magarya, sun canza ruwa sau uku, koren ya ƙi fita daga hannuwan, ita kuwa ba ta so ta naɗe ta a likkafani haka.

Ta ce, "Atiku, kai ka san abin da ke sa shi. Na san tsamiya da toka na fid da shi daga tagulla. Daga mutum fa, mi ke fid da shi?"

Liman ya sunkuyar da kai. Ni ma haka.